Yadda muka tantance kundin tsayar da zubar jini kafin a raba shi a asibitocin ƙauyukanmu

Wani kwamiti ne ya zauna ya ɗauko shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan zubar jini bayan haihuwa, ya taƙaita su, ya sauya wasu wurare don su dace da ƙananan asibitocin shiyyarmu a Jigawa. Kafin a kai daftarin ɗab'i, aka ce sai mutum huɗu da ba su da hannu a rubuta shi sun bi shi sun tantance. Ina cikin huɗun. Ni ungozomar asibiti ce, ina riƙe da ɗakin haihuwa a wata cibiyar lafiya ta matakin farko a cikin fadamar Haɗejiya, inda damina kan raba mu da kwalta. Sauran ukun su ne likitan mata daga babban asibiti, da wata Hajiya mai kula da siton magunguna, da wani dattijon malamin asibiti da ya kusa ritaya, wanda duk muke ce wa Baba.

Hannu bibbiyu na karɓi aikin. A alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023, mata kusan miliyan 14 ne ke zubar da jini bayan haihuwa duk shekara a duniya, kimanin 70,000 daga cikinsu ba sa tashi. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya nuna Najeriya ta rasa mata kimanin 75,000 a sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Mu da ke ɗakin haihuwa fuskoki muke gani a bayan waɗannan lambobi. Kuma na san cewa duk abin da aka buga aka liƙa a bangon asibitin ƙauye, shi ma'aikaciya za ta bi da tsakar dare, lokacin da babu wanda za ta tambaya.

An fara da koya mana ma'aunin da za mu yi aiki da shi. Sunansa AGREE II, an fito da shi a 2009, gyararren na farko ne da ya fito a 2003, kuma da shi ake auna ingancin kundin ƙa'idojin jinya a ƙasashe da yawa. Tambayoyi 23 ne a rukuni 6. Rukunin farko yana duba manufar kundin da waɗanda aka rubuta shi dominsu. Na biyu, su waye suka zauna aka rubuta, kuma an ji ta bakin masu jinyar kansu? Na uku shi ne mafi tsawo, tambayoyi 8, duk a kan yadda aka nemo hujja, aka tace ta, aka ɗaure kowace shawara da hujjarta. Sai fayyace magana, sai yiwuwar aiki da kundin a inda aka nufa, sai na ƙarshe mai tambayar ko mai ba da kuɗi ya sa baki, ko marubutan sun bayyana wata alaƙa da ke iya karkata su. Kowace tambaya maki 1 zuwa 7. Ana so masu tantancewa su zama aƙalla biyu, amma huɗu ya fi.

Lissafin ba wuya. Rukuni mai tambaya 3, mu huɗu, mafi yawan makin da zai samu 84 ne, mafi ƙanƙanta 12. A ce jimillarmu ta zo 48, sai a cire 12 daga 48, a cire 12 daga 84, a raba 36 da 72, ka ga kashi 50 cikin 100 ke nan. Ba a haɗa rukunan a fitar da maki guda, kuma ma'aunin bai yanke wani adadi ya ce nan ne cin jarrabawa ba. A ƙarshe kowa zai ba kundin gaba ɗaya maki, sannan ya faɗi ra'ayinsa: a yi aiki da shi, ko a yi aiki da shi bayan gyara, ko kada a yi.

Sharaɗi biyu aka kafa mana. Kowa ya cika nasa shi kaɗai, ba shawara. Sannan abin da ke rubuce za a auna. In kundi bai ce komai a kan wata tambaya ba, makinsa 1, ko da ka san an yi abin.

Da na koma gida na karanta daftarin, gaskiya ya burge ni a karon farko. Gajere ne, an yi shi da Turanci da Hausa, manyan shawarwarin suna cikin akwati, ga zanen matakai a shafin tsakiya. Na ba rukunin fayyace magana maki masu yawa ba tare da wata-wata ba. Da na shiga rukuni na uku sai alƙalamina ya tsaya. A ƙasan shafin ƙarshe layi ɗaya ne kawai: an ɗauko daga shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Na wace shekara? Hukumar ta fitar da kundin zubar jini a 2012. A 2017 ta sabunta maganar tiranekzamik, allurar da ke taimaka wa jini ya daskare ya daina zuba. A 2018 ta fitar da sabbin shawarwari a kan magungunan da ke sa mahaifa ta tsuke. A ƙarshen 2023 ta zo da maganar auna jini da ma'auni da kuma haɗa matakan magani a lokaci guda. Wanda ya ce daga hukumar ya ɗauko bai faɗi komai ba sai ya faɗi wanne.

A nan muka fara samun saɓani ranar da muka haɗu a Dutse muka baje takardunmu. A tambayar neman hujja likita ya ba da 6, ni na ba da 2, Hajiya ta ba da 1.

Likita ya ce, "Sista, ai binciken an riga an yi shi a Janeba, hedikwatar hukumar. Me za mu ƙara a kan aikin waɗancan mutane? Wanda ya ɗauko daga gare su ya gaji hujjarsu."

Hajiya ta ce, "Likita, ya gaji hujjar abin da ya ɗauko yadda yake. Wurin da ya sauya fa? Wannan hujjar wa ya gada?"

Wannan tambaya ta Hajiya ita ta juya aikin gaba ɗaya. Ma'aunin AGREE II an gina shi ne don kowane irin kundi, bai tsaya a kan wanda aka aro aka gyara ba. Akwai wani tsari mai suna ADAPTE da aka yi musamman don aron kundi, mai matakai uku, wato shiri, da gyarawa, da kammalawa, kuma yana cewa a duba ko kundin asali bai tsufa ba, a kuma rubuta abin da aka karɓa da abin da aka sauya da dalili. Sai muka yanke shawarar mu yi abin da ba a sa mu ba. Muka samo kundayen asali, muka ja layi uku a babbar takarda: abin da aka bari yadda yake, abin da aka sauya, abin da aka jefar. Muka bi shawara ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ci lokaci, kuma a cikinsa ne duk abin da ke da muhimmanci ya fito.

Na farko da ya tayar mini da hankali shi ne tiranekzamik. Daftarin ya ce a babban asibiti za a yi ta, ƙaramin asibiti ya tura mace kawai. Ba a ba da dalili ba. Kundin asali kuwa cewa ya yi a ba da giram 1 ta jijiya, a hankali cikin minti 10, da zarar an gane zubar jini, kuma cikin awa 3 da haihuwa. In jini bai tsaya ba bayan minti 30, ko ya dawo cikin awa 24, a ƙara giram 1. Awa ukun nan daga lokacin haihuwa ake ƙirga su, ba daga lokacin da aka lura da jinin ba. Hujjar ta fito ne daga babban gwajin nan mai suna WOMAN da aka buga sakamakonsa a 2017, mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, inda aka ga mutuwa ta dalilin zubar jini ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda aka yi wa allurar cikin awa 3. Wani nazari da ya biyo baya ya nuna duk jinkirin minti 15 yana rage amfanin da kusan kashi 10 cikin 100, kuma bayan awa 3 babu wani amfani.

Na ce wa likita, "Ranka ya daɗe, bari in lissafa maka daren damina a wajenmu. Mace ta haihu a gida, domin yawancin matanmu a gida suke haihuwa. Kafin a yarda cewa jinin ya yi yawa, awa ta tafi. Kafin a samu maigida ko ƙaninsa ya ce a tafi, a nemo babur ko amalanke, a iso wurina, wata awar ta tafi. Ni kuma in sa mata ruwa, in kira direba, a bi hanyar da ruwa ya cinye. A ambaliyar 2022 akwai garuruwan da sai da kwale-kwale. Ranar da ta isa hannunka, awa ukun sun daɗe da wucewa. Wannan gyara ya ɗauke maganin daga wurin da kaɗai zai yi amfani."

Likita ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da yake tsoro, kuma tsoronsa na gaskiya ne: kada wanda bai iya ba ya tura allurar da sauri jinin mace ya faɗi, ko a yi wa wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya lokacin ciki. Hajiya ta ce ta fuskar ajiya babu matsala, ba ta buƙatar firji, kuma ba ta da tsada. Baba ya ce duk wanda aka yarda ya sa kanula, wato robar da ake sawa a jijiya, ya ɗaura ruwa, za a iya koya masa ƙirga minti goma da agogon wayarsa. Ba mu ne za mu yanke hukunci ba, aikinmu tantancewa ne. Abin da muka rubuta shi ne an sauya shawara mai ƙarfi ba tare da an faɗi dalili ba, kuma sauyin yana iya jawo asarar rai. In kwamiti yana da dalili, ya rubuta shi a gani.

Na biyu kishiyar na farko ne, wato wurin da ya kamata a sauya aka bari. Daftarin ya kwafo maganar oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, daidai: awo 10 a tsoka ga duk macen da ta haihu. Shawara ce ingantacciya, babu mai ja. Amma oksitosin yana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kowa ya san zafin Jigawa a watan Afrilu da Mayu. Hajiya ta ba mu labarin yadda take samun kwalayen allurar a cikin durowar ɗakin haihuwa, ƙarƙashin rufin kwano, an yi watanni. Ruwan cikin kwalbar ba ya sauya launi, ba ya wari, ba yadda za a yi ma'aikaciya ta gane ƙarfinsa ya ragu. Sai ta yi allura ta ga mahaifa ba ta tsuke ba, ta ƙara, ta ƙara. A asibitoci da yawa firji ɗaya ne mai aiki, na sola, na allurar rigakafi, kuma masu kula da shi suna ganin haramun ne a sa wani abu ciki. Alhali tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ta ba da damar ajiye irin su oksitosin a firjin rigakafi, muddin an ware shi an yi masa alama sosai don kada a rikita. Daftarin bai ce uffan a kan wannan ba. Bai kuma ambaci abin da shawarwarin 2018 suka ce ba, cewa inda babu oksitosin ko ba a da tabbacin ingancinsa a koma ga wani, kamar kabetosin mai jure zafi ko ƙwayar misofurostol. A tambayar da ke neman ko kundi ya faɗi abubuwan da za su hana aiki da shi, duk mu huɗu ba wanda ya wuce 2.

Misofurostol ɗin ma an ambace shi a wani shafi, amma da maikurogiram kawai: 600 a haɗiya don kariya, 800 a ƙarƙashin harshe don magani. Baba ya ce a rubuta da ƙwaya, tunda kowace 200 ce, uku ke nan da huɗu. Ya ce a ƙara gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa ba a ba da ita sai jariri ya fito kuma an tabbatar babu na biyu a ciki, a kuma faɗa wa dangi tun da wuri cewa tana sa rawar sanyi da zazzaɓi, don kada su ɗauka jijjiga ce ko iska. Haka nan an sa agometirin, wani maganin tsuke mahaifa, a jerin magunguna ba a ce a guje shi ga mai hawan jini ba. Waɗannan ba mu daɗe a kansu ba, gyaransu a fili yake.

Inda muka daɗe shi ne awon jini. Kundin asali na 2023 ya ce a daina ƙiyasi da ido, a auna. Wannan ya biyo bayan gwajin E-MOTIVE da aka buga a watan Mayun 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000. Ɓangaren Najeriya Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagorance shi, abin da nake alfahari da shi duk lokacin da na faɗa. Ana shimfiɗa wa mace wata leda mai aljihu mai lambobi bayan ta haihu, jinin yana taruwa ana gani. Da ya kai mil 500, ko ya kai 300 tare da wata alamar haɗari a jikinta, sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, maganin tsuke ta, tiranekzamik, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da neman taimako na gaba. A asibitocin da aka bi wannan tsari, zubar jini mai tsanani da tiyata da mutuwa a sanadinsa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Kuma an gano sama da kashi 90 na masu zubar jini, alhali a inda ake aiki yadda aka saba kusan rabi ne kawai ake ganowa.

Kwamitinmu ya san ledar ba ta iso ƙauye ba, sai ya yi dabara. Ya rubuta cewa in zani biyu suka jiƙe, a ɗauka an kai mil 500. Niyyar mai kyau ce, kuma da farko likita ya yaba, ya ce wannan shi ne daidaita kundi da gida. Baba ne ya girgiza kai. Ya ce, "Wane zanin? Ai kamar ka ce mudu ne, alhali kwanon kowace kasuwa daban."

Sai muka ɗauki tambayar muka tafi da ita asibitin Baba, wani ɗan gini mai ɗaki uku a bakin gari. Muka aro zannuwa daga matan unguwa: sabuwar atamfa mai sauran sitati, tsohon zanin da ya sha wanki har ya yi laushi, wani mai santsi irin na roba, da zanin gado. Ledar fiya wata mil 500 ce daidai, sai muka jiƙa zoɓo muka rina ruwan muka mayar da shi gwargwadon leda guda-guda. Hajiya tana zubawa a hankali a kan katifar haihuwa mai rufin leda, ni ina riƙe da zanin yadda mace ke kwanciya a kai. Tsohon zanin ya shanye ruwan tas, ko rabinsa bai jiƙe ba, in ka hango shi daga ƙofa sai ka ce ba komai. Sabuwar atamfar ta ƙi sha, ruwan ya gangara ta gefe ya bi ƙafar gado ya kwanta a siminti. Mai santsin ya yi jajir daga baki zuwa baki da ɗan abin da bai kai rabin leda ba. Ruwan zoɓo ba jini ba ne, jini yana da kauri, yana gudaji, yana gauraya da ruwan faya. Amma abin da muka gani ya isa ya nuna cewa macen da ke kan tsohon zani za ta iya zubar da ninkin abin da ake tsoro kafin a ƙirga mata zani biyu. Likita da kansa ya ɗauki biro ya rage makinsa a tambayar da ke neman alaƙa tsakanin shawara da hujja.

Tunda muna wurin, muka gwada zanen matakan shafin tsakiya. Jikar Baba ta kwanta a gado a matsayin mai jego, muka ce wa yarinyar da ke aikin dare a asibitin ta bi takardar yadda take. Ita kaɗai ce a bakin aiki, kamar yadda take kowane dare. Takardar ta ce a kira taimako, a murza mahaifa, a sa kanula, a zuƙo allura, a sa robar fitsari, a auna hawan jini, duk a tare. Hannu biyu gare ta. Ta saki mara ta tafi neman kanula, kanular tana cikin kabad a ɗaki na gaba, makullin yana cikin jakarta. Fitilar wayarta ta riƙe da baki. Ba laifinta ba ne ko kaɗan, ta san aikinta. Gwajin E-MOTIVE a manyan asibitoci aka yi shi, inda ake samun ungozoma fiye da ɗaya da likita a kusa. Wanda zai sauko da shi asibiti mai ma'aikaci ɗaya dole ya faɗi me za a fara, me zai biyo baya, wane aiki za a iya ba 'yar rakiya, kamar riƙe fitila da ledar ruwa da kiran direba, sannan ya ce a haɗa kayan zubar jini duka a akwati ɗaya a ajiye kusa da gado ba a kulle ba. Manufar ƙasa ta raba ayyukan lafiya ta 2014 ta buɗe wa malaman asibiti da aka horar hanyar karɓar haihuwa da ba da taimakon farko kafin a tura mace gaba. Su ne za su fi kowa riƙe wannan kundi, amma a jerin waɗanda suka rubuta shi babu ko ɗaya daga cikinsu.

Tambaya ta biyar a ma'aunin tana neman ko an ji ra'ayin waɗanda za a yi wa jinyar. Daftarin bai nuna an tambayi mace ko ɗaya ba. Da la'asar muka zauna a tabarma a gidan mai unguwa da wasu mata da tsofaffin ungozomomin gargajiya. Na tambayi wata tsohuwa yadda take gane jini ya yi yawa.

Ta ce, "'Yar nan, jinin biƙi ai dole ya fita. In ya zauna a ciki shi ne ciwo. Mu muna jin tsoron wadda ba ta zubar ba fiye da wadda ta zubar."

Na ce, "To Inna, yaushe kike cewa a nemo mota?"

Ta ce, "In ta fara hamma, ta ce tana ganin duhu, tana neman ruwa ta sha."

Gabana ya faɗi, domin waɗannan alamu ne na wadda jini ya riga ya yi wa nisa. Na ɗauko ledar fiya wata na nuna musu, na ce wannan kaɗai in ya fita ya isa a tashi. Suka yi ta juya ledar a hannu suna mamakin ƙanƙantarta. Wata matashiya mai goyo ta ce ita abin da ke hana su fita ba rashin sani ba ne kawai, maigida ba ya nan, ya tafi cirani, kuma ba wanda zai ɗauki nauyin cewa a tafi. Wata ta kawo maganar jini: in an isa babban asibiti aka ce a kawo leda biyu, wa zai bayar? Duk waɗannan abubuwa ne da kundi zai iya taɓawa da layi kaɗan: a nemi izinin maigida tun lokacin awon ciki a rubuta a kati, a san masu ba da jini biyu a dangi kafin wata tara, a rubuta lambar direban da ke cikin shirin ɗaukar masu naƙuda irin na Haihuwa Lafiya a bangon ɗakin haihuwa.

Rukunin ƙarshe bai ɗauke mu lokaci ba, sai dai ya ɗan sosa rai. Akwai tambarin masu tallafi a bangon daftarin, amma babu inda aka ce ba su sa baki a abin da ke ciki ba, babu kuma inda marubutan suka bayyana ko suna da alaƙa da masu sayar da magani. Likita ya ce ya san mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, mutanen kirki ne. Hajiya ta ce ita ma ta san su, kuma ba ta zargin kowa, amma ma'aikaciyar da za ta karanta kundin bayan shekara biyar ba ta san su ba. Muka ba da 1, muka rubuta cewa shafi guda zai gyara wannan.

Da aka tattara lissafi, manufa da fayyace magana suka fito da maki mai kyau. Neman hujja, da yiwuwar aiki, da 'yancin marubuta suka zauna ƙasa. Duk mu huɗu muka zaɓi a yi aiki da shi bayan gyara. Na so a ce kada a tsaya ga lambobin, domin kwamiti zai iya ƙara shafuka ya ɗaga maki ba tare da an taɓa maganar tiranekzamik ba. Saboda haka muka haɗa rahoton da babbar takardarmu mai layi uku, muka sa abubuwan da ke iya kashe mace a sama, na tsarin rubutu a ƙasa.

Kwamitin ya karɓi rahoton da kyakkyawar zuciya, har shugabansu ya kira Baba ya roƙe shi ya shiga zaman gyara tare da wata ungozoma daga ƙauye. Daftari na biyu da ya dawo mana ya faɗi shekarar kowane kundin da aka aro daga gare shi. An sauko da tiranekzamik zuwa duk cibiyar da ke da ma'aikacin da aka horar a kan sa kanula, da sharuɗɗan da likita ya nema a rubuce. An cire maganar zani biyu. An sa a auna da leda mai lambobi, inda babu ita kuma a tara jinin a kwano mai ma'auni, a riƙa duba bugun zuciya da hawan jini da taurin mahaifa kowane minti 15 a awar farko, kuma an rubuta a fili cewa wannan madadi ne na wucin gadi. An ƙara shafin ma'aikaci ɗaya, da shafin firji, da ranar da za a sake duba kundin.

Abu biyu ba su warware ba. Kabetosin an ambace shi, amma ba a faɗi daga wace hanya zai riƙa zuwa ba. Ledar awon jini ma ba a faɗi wanda zai riƙa sayenta ba in ta farko ta ƙare, kuma mun sake rage maki a tambayar kuɗi da kayan aiki saboda haka. An ƙara layi uku a rajistar ɗakin haihuwa: adadin jinin da aka auna, lokacin haihuwa da lokacin da aka yi tiranekzamik, da lokacin da mota ta tashi. Bayan damina za mu tattaro rajistocin cibiyoyin shiyyar mu zauna a kansu, mu huɗun da kwamitin, kuma na nemi a gayyato ma'aikatan dare su zo da nasu da hannunsu.